Darasin Sana'a: Yadda Ake Gina Gindin Tanderun Itace

Tun da muka fara zama da iyalan da ke son koyon gashin burodi da gurasa, tambayar da ta fi zuwa mana ita ce ta tulluwa: yaya ake lanƙwasa ta, ina ake barin ƙofa, wace irin laka ake kwaɓawa. Za mu zo kanta a fitowa ta gaba. Yau a ƙasa za mu tsaya, domin yawancin tanderun da muka ga sun lalace a Ajame da Tireshbil daga ƙasa ciwon ya kama su.

Mu ma mun taɓa ƙonewa. Bara iyalai uku suka haɗa kuɗi, muka taya su gina tanderu a wani tsakar gida a Ajame. A watan Maris aka gama, ya yi kyau, burodi ya fara fita. Da ruwan Yuni ya sauko sai kusurwa ɗaya ta zauna kamar faɗin yatsa biyu, tulluwar ta dare tun daga bakin ƙofa har tsakiyar ka. Da aka tona aka tarar wurin tsohon ramin shara ne da aka binne da yashi. Laifinmu ne, ba mu haƙa mun duba ba. Ga shi fulawar da ke ɗaki bashi aka ɗauko ta. Abin da muka koya a wannan asarar shi muke so mu ba ku a kyauta.

Aikin gindi uku ne: ya ɗauki nauyi, ya hana ruwan ƙasa hawa, ya hana zafin wuta zurarewa ƙasa. Duk abin da za mu faɗa a nan yana komawa ga ɗaya daga cikin ukun.

Abijan ba gida ba ce

A Maradi ko Katsina mace tana iya kafa tanderunta a kan tsurar ƙasa ya shekara yana aiki. Masu gurasa a Kano tukunya ce babba suke girkewa, su lulluɓe ta da laka, su riƙa manna ƙullu a jikinta ta ciki. Ƙasar can busasshiya ce mafi yawan shekara. Ruwan da ke sauka a Abijan kuwa ya ninka na Maradi sau uku ko fiye, kuma damina biyu ake yi: babba daga Mayu zuwa Yuli, ƙarama a Oktoba da Nuwamba. Waɗanda suka daɗe a nan suna tuna daren 18 ga Yunin 2018, da ruwa ya kwana yana zuba har aka rasa rayuka a cikin birni. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, iskar da kanta jiƙaƙƙiya ce. Tanderun da ya sha laima sai ya fara cinye itace wajen busar da kansa kafin ya gasa komai, kuma itace a nan saye ake yi.

Unguwannin biyu kowace da halinta. Tireshbil a kan tsibiri take, shimfiɗaɗɗiya, tafkin Ebiriye na kewaye da ita, ruwa yana kusa da fuskar ƙasa. A can ba a zurfafa haƙa, ɗaga gini sama ake yi. Ajame ta fi tudu, amma tana da gangara da kwazazzabai da wuraren da aka cike da shara aka yi gini a kai. A can sai an haƙa an ga abin da ke ƙasa da ido. Kada a gina a bakin kwazazzabo ko a ƙarƙashin gangara komai kyawun filin. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki daga Disamba ne zuwa Maris.

Kafin a ɗauki diga

Kusan dukkanmu a filin wani muke zaune. A fara samun yardar mai gida, a gaya wa maƙwabta saboda hayaƙi, a sanar da jagoran unguwa. In sayarwa za a yi, a je ofishin magajin gari a tambayi abin da ake bukata. Yarjejeniyar da aka yi da mai gida a rubuta ta a takarda gaban shaidu biyu, a faɗi a fili wa ke da bulon in an tashi. Magana ce ƙarama yau, ranar tashi ita ce babba.

Sai zaɓen wuri. A bar aƙalla mita 3 tsakanin tanderu da tamfol, da bangon katako, da tukunyar gas, da inda ake tara itace. A ɗaga kai a duba kada wayar lantarki ta ratsa ta sama. Tsofaffin 'yan Tireshbil ba su manta da gobarar da ta cinye babbar kasuwarsu a 1997 ba, kuma tsakar gidajen da muke ciki sun fi kasuwa cunkoso. Ba a gina tanderu a cikin ɗaki ko a rumfar da aka rufe ta ko'ina. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutum yana barci. A juya ƙofar ta ba iskar da ta saba kaɗawa baya, kuma kada ta fuskanci hanyar da yara ke bi zuwa famfo ko bayan gida.

Wata dabara mai sauƙi: bayan an yi ruwa, a fita a ga inda ya kwanta da inda ya bi. Inda ya fara bushewa, nan ne wurin.

Girma da kayan aiki

Lissafin da ke ƙasa na tanderu ne mai faɗin ciki santimita 80. Ya ishi iyali da ƙaramar sana'a ta ƙofar gida. Dakalinsa murabba'i ne, santimita 140 kowane gefe, tsayinsa kamar 85, wato daidai ƙugun mace matsakaiciya. Mai gashi tana zura hannu da faranti sau ɗari a rana, in dakalin ya yi ƙasa bayanta ne zai biya.

Da bulon da aka saba bugawa a nan, mai tsawon santimita 40, tsayi 20, kauri 15, jeri ɗaya yana cin bulo 12, jeri huɗu 48. A sayi 50 saboda fashewa. Na jerin farko ya zama marar rami. A ƙwanƙwasa bulo kafin a biya: wanda gefensa ke marmashewa a hannu an yi masa rowar siminti. Sai tsakuwa, da yashi, da yumɓu, da leda mai kauri wadda ba ta huje ba, da kwalabe kamar 60 zuwa 70, da garin katako buhu biyu daga wurin kafintoci, da gasasshen jan tubali na daɓen gashi.

In an gama komai har da tulluwa, nauyin zai kai tan 2 da rabi ko fiye, wato nauyin buhun siminti 50 a kan wuri mai faɗin tabarma. Shi ya sa muke dagewa a kan abin da ke ƙasa.

Maganar yashi tana bukatar kula. Da yawa daga yashin da ake sayarwa a Abijan daga cikin tafki ake yaso shi, kuma tun da aka buɗe mashigin Biridi a 1950 ruwan teku yake shiga tafkin. Yashi mai gishiri yana janyo laima, yana cin rodi. In an ga ya bushe da farin kumfa a kai, a zuba shi a buhu a kwarara masa ruwan daɗi sau biyu, ko a baza shi ruwan sama ya wanke.

Harsashi

A kafa turaku huɗu a ja igiya, murabba'i na santimita 160, domin harsashi ya fi dakali faɗi da santimita 10 ta kowane gefe. Don kusurwa ta miƙe, a auna 60 a kan igiya ɗaya, 80 a kan ɗayar. In tsakanin alamun biyu ya ba da 100 cif, kusurwar ta yi. Duk magini ya san wannan, kuma yaron da ya yi firamare zai iya riƙe muku tef.

A kwashe ƙasar sama gaba ɗaya, da saiwoyi da duk wani abu baƙi mai laushi. A Ajame a haƙa santimita 25 zuwa 30, sannan a soka rodi a kusurwa huɗu da tsakiya. In ya shige da ƙarfin hannu kawai, ko ya fito da leda da tsumma, a ci gaba da haƙa har a taɓa ƙasa mai tauri. In an wuce rabin mita ba a same ta ba, a canza wuri. A Tireshbil santimita 15 ya isa. In ramin ya fara tsatso ruwa a tsaya nan, a ƙara yawan tsakuwa har harsashin ya ɗago sama da tsakar gida da faɗin tafin hannu.

A zuba tsakuwa ko farfasasshen kankare, kaurin santimita 15, a zubi biyu, kowane zubi a daɓe shi da guntun icce mai nauyi har ya daina motsi a ƙarƙashin ƙafa. Amfanin tsakuwa shi ne ruwa ba ya iya hawa ta cikinta yadda yake hawa ta cikin laka ko yashi mai laushi, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. A baza ɗan yashi a kai don kada tsini ya huda leda, a shimfiɗa ledar, bakinta ya ɗan haura gefen ramin.

Daga nan hanya biyu ce. In mai gida ya yarda kuma ana sa ran daɗewa, a zuba kankare mai kaurin santimita 10: bokitin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 3. Buhu biyu na siminti sun isa har da saura. Kada a cika ruwa don aiki ya yi sauƙi, kankare mai ruwa-ruwa ba ya ƙarfi. A rufe shi da buhuna, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7 kafin a ɗora komai. Ba ya cika ƙarfinsa sai ya kai kwana 28, amma mako guda ya isa a fara jera bulo.

In kuwa zaman ba shi da tabbas, a bar kankare. A kwantar da bulo marar rami a kan faɗinsa bisa ledar, a matse su da juna, a cike tsakaninsu da yashi. Wannan zai ƙara yawan bulon da za a saya, amma kowane ɗaya naku ne ranar da za a tashi.

Dakali

A jera jerin farko ba tare da kwaɓi ba tukuna, bulo uku kowane gefe, kan na ƙarshe ya tokare cikin na gefen da ke biye, kamar yara sun riƙe ƙugun juna sun yi da'ira. A auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ta hagu da ta dama. Duka biyun su zo daidai, wajen santimita 198. In babu ma'aunin magina, a samo siririn tiyo mai garai-garai a zuba masa ruwa. Ruwan da ke bakinsa biyu kullum tsayinsa ɗaya ne, da shi za a gane kusurwar da ta yi sama. A gyara tun a nan. Karkatar da ba ta kai kaurin yatsa ba a jerin farko tana iya sa mai ya taru a gefe ɗaya na faranti har ƙarshen rayuwar tanderun.

Jeri na biyu a juya shi, yadda tsakiyar kowane bulo zai hau kan mahaɗar na ƙasa. Mahaɗa a kan mahaɗa hanyar tsaga ce. A jerin farko a bar mahaɗa biyu ko uku babu kwaɓi, faɗin yatsa, don in ruwa ya shiga ciki ya sami mafita.

Da me za a haɗa bulon? Magina za su ce siminti. Mu shawararmu ita ce siminti a jerin farko kaɗai, inda ruwa ke fantsama, sauran jeri uku kuma laka: yumɓu kashi 1, yashi kashi 3. A cikinku akwai waɗanda rusau na 2024 ya tasa daga Gesko da Boribana, sun san abin da ake nufi da a ce a kwashe kaya cikin kwana kaɗan. Bulon da aka haɗa da laka ana ɓamɓare shi da hannu, a kankare shi, a loda a baro, a sake gini da shi a wani wuri. Wanda aka haɗa da siminti sai guduma, kuma rabinsa a nan zai tsaya. Laka ba ta gaza ɗaukar nauyi ba, ruwa ne kawai abokin gabarta, shi kuma rumfa da yaɓe ke maganinsa.

Wasu suna son a bar rami a ƙarƙashi don ajiye itace. Yana da kyau a ido, amma sai an zuba kankare mai rodi a sama ya ɗauki tulluwa, kuma kuskure ɗaya a ɗaurin rodin ya isa ya rufto da komai. Ga wanda wannan ne gininsa na farko, cikakken dakali ya fi kwanciyar hankali.

A bar bangon ya kwana biyu ya kama, sannan a fara cika ciki. Ɓaraguzan gini, tsakuwa, birji, yashi, duk suna yi, wajen baro 11. A zuba faɗin tafin hannu, a daɓe, a sake zubawa. A daɓa da hankali kusa da bango don kada a ture shi. Ban da shara, ban da katako, ban da taya da tsohon batir. Abin da ke ruɓewa yana barin rami, katako kuma yana kiran gara. Akwai wani tsohon rufi ruwan toka mai kama da siminti da ake kira asbesto, ana yawan samunsa a ɓaraguzan tsofaffin gidaje. Kada a fasa shi, kada a sa shi ko'ina a cikin ginin, ƙurarsa tana lalata huhu. A tsayar da ciko in ya rage santimita 30 a kai bakin dakali.

Santimita talatin na sama

A nan ribar mai gashi take. Wuta in ta ɗumama daɓen tanderu, zafin yana neman hanyar gudu, kuma ƙasa ta fi kusa. In babu abin da ya tare shi, dakalin gaba ɗaya zai yi ta shan zafi, saman burodi ya ƙone gindinsa na ɗanye, zubi na biyu kuma sai an sake hura wuta. Abin da ke tare zafi shi ne iskar da aka kulle ta hana ta motsi. Bargo ma haka yake aiki.

A kwaɓa yumɓu da ruwa ya yi kaurin kunu, a zuba garin katako a ciki, kamar kashi 3 ko 4 na garin ga kashi 1 na kunun, har in an dunƙula ya tsaya. Ɓuntun shinkafa ma yana yi. A shimfiɗa kaurin yatsa uku a kan cikon. A jera kwalabe a kwance, wankakku, busassu, babu murfi, tsakanin kowace da 'yar uwarta faɗin yatsa guda, domin gilashi yana buɗewa in ya ji zafi. A cike tsakaninsu da wannan kwaɓin, a rufe su da shi har shimfiɗar duka ta kai santimita 15. Ba a daɓe wannan shimfiɗa, lallaɓa ta ake yi da tafin hannu. Da tafiya ta yi nisa garin katakon da ke kusa da zafi zai ƙone a hankali ya bar ƙananan ramuka cikin yumɓu, kuma hakan ake so. A nemi garin tsurar katako, ban da na falankin da aka manne da gam ko aka yi wa fenti.

Tsofaffin masu gashi za su gaya muku a zuba gishiri da fasassun kwalabe. Mun ji wannan daga bakin mutanen da muke girmamawa, kuma a ƙasa busasshiya mutane sun daɗe suna yi. A Abijan ba mu ba da shawararsa. Kowace uwar gida ta ga yadda gishirin miya ke jiƙewa a kwano a watan Yuni. Haka zai yi a cikin dakali, ya janyo laimar da muka sha wahalar korewa. Kwalba kuma in an fasa ta, iskar da ke cikinta ta tafi, kuma yara ne ke yankewa wajen aikin.

A kan shimfiɗar kwalabe sai daɓe mai nauyi, kaurin santimita 8, na yumɓu kashi 1 da yashi kashi 2 ko 3, kwaɓi mai tauri wanda ba ya manne wa hannu. Shi ne rumbun zafi: yana sha lokacin da wuta ke ci, ya mayar wa burodi bayan an kwashe garwashi. Yumɓu ya bambanta daga rami zuwa rami, saboda haka a gwada tun kafin ranar aiki. A buga ƙananan tubala uku, ɗaya da yashi kashi 2, ɗaya 3, ɗaya 4, a shanya su a inuwa. Wanda ya tsage yashinsa ya yi kaɗan. Wanda ke zuba in an murza shi yashinsa ya yi yawa. Wanda ya tsira, da ma'auninsa za a yi aiki, har tulluwa.

Kada siminti ko bulon siminti ya zo inda wuta ke taɓawa. Zafin da ke cikin tanderu lokacin hura wuta yana haura digiri 400, siminti kuwa tun kafin nan ya fara sakin jiki yana zama gari. Haka tayil mai sheƙi da kwanon rufi, ba a gashi a kansu.

Ƙarshe sai jan tubali. In daɓen ya yi tauri, a baza yashi mai laushi da aka tankaɗe, kaurin santimita 1, a share shi da miƙaƙƙen katako ya kwanta sumul. A fara jera tubalin daga bakin ƙofa zuwa ciki, babu kwaɓi ko kaɗan. Kowane tubali a jingina shi da na kusa sannan a zame shi ƙasa, kada a ja shi a kan yashi. A bubbuga da ƙotar guduma har su yi kai ɗaya. A shafa tafin hannu a kai: in yatsa ya yi tuntuɓe, matuƙin burodi ma zai yi. Toka ce za ta cike 'yan tsagogin da suka rage, kuma duk tubalin da ya fashe nan gaba ana zare shi a sa wani ba tare da an taɓa sauran ba.

Daga nan a kafa rumfar kwano mai tsayi, buɗaɗɗiya ta kowane gefe, bakinta ya zarce dakalin da rabin mita, a yi 'yar magudana ta kewaye ginin ta kai ruwa waje. A yaɓe jikin dakalin. A bar shi ya sha iska mako biyu in rani ne, in damina ce ya fi haka. Kada a hura wuta a kai don gaggawa, kuma a hana yara hawa.

Iyalan da suka haɗa kayansu su sanar da wakilin layinsu, za mu zo mu soka rodi tare kafin a zuba tsakuwa. A ajiye ragowar yumɓu a rufe da leda, da shi za mu fara tulluwa.